Majalisar arba'in da makullin amidi: fashin baƙi kan rikicin ƙungiyar ɗalibai a jami'o'in Sudan

Ɗan ƙanwata ne ya tayar mini da wannan magana. Yana shekararsa ta biyu a jami'a yaƙin Sudan na 2023 ya ɓarke, ya tattara ya koma Gadarif wurin iyayensa, karatu ya koma ta waya, yau akwai intanet gobe babu. Kwanakin baya ya kira ni da dare, bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, a zaurenmu na WhatsApp kullum faɗa ake yi kan ittihadi. Wasu na cewa in an koma makaranta sai an sake masa tsari tun daga tushe, wasu na cewa a bar shi ya mutu, ai shi ke jawo mana rufe makaranta. Ni kuwa ban taɓa ganin zaɓen ittihadi da idona ba. Mene ne abin faɗa a ciki?" Na ce masa, "Ɗana, wannan ta fi ƙarfin hirar waya, bari in zauna in rubuta maka."

Ittihadi shi ne ƙungiyar ɗaliban jami'a gaba ɗaya, wadda duk wanda ya yi rajista ya zama ɗanta ko ya nema ko bai nema ba. Mai karatu a Kano ko Damagaram yana iya ɗauka ƙungiyar shirya wasanni da walima ce. A Sudan abin ya wuce nan. Gwamnatin soja biyu ta faɗi a ƙasar nan, a 1964 da 1985, kuma duka biyun daga cikin ɗalibai wutar ta kama. Tun daga lokacin, duk wanda ya hau mulki a Hartum idonsa ɗaya na kan bariki, ɗayan na kan jami'a.

Uwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta Jami'ar Hartum, makarantar da ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, shekarar da ƙasa ta sami 'yanci. Tsarin ittihadinta shi sauran jami'o'i suka kwaikwaya, ko da adadin kujerun ya bambanta. Ɗalibai na zaɓen majalisa mai mutum 40, ita ake kira majalisar arba'in, ita kuma ta fitar da kwamitin zartarwa mai mutum 10 daga cikinta. A ɗaya ɓangaren akwai hukumar jami'a. Shugabanta shi ake ce wa mudir, kuma a zamanin shugaba Umar al-Bashir da bayansa daga fadar mulki ake naɗo shi, domin shugaban ƙasa shi ne uban jami'o'in gwamnati a doka. Ƙarƙashin mudir akwai amidi, wato shugaban ofishin harkokin ɗalibai. Wannan ofishi shi ne ƙofar da ɗalibi ke bi kullum: shi ke riƙe da rajistar sunaye, shi ke ba da izinin taro, ta hannunsa ake kafa kwamitin ladabtarwa, kuma sai da sa hannunsa zaɓe ke yiwuwa. A riƙe wannan, domin kusan duk rikicin a bakin wannan ƙofa yake.

Abin da ya ba ittihadi girma a idon 'yan Sudan shi ne daren 21 ga Oktoba 1964. Janar Ibrahim Abbud yana mulki tun Nuwamba 1958, kuma a farkon shekarun 1960 gwamnatinsa ta taɓa dokar jami'ar domin ta rage mata cin gashin kai. Da yaƙin Kudancin Sudan ya tsananta, ɗalibai suka riƙa shirya nadwa, wato taron lacca da muhawara, kan matsalar. A ɗaya daga cikinsu ne Hasan Turabi, a lokacin yana malamin shari'a, ya ce ba za a warware matsalar Kudu ba muddin soja ke mulki. Gwamnati ta hana nadwa, ta tsare shugabannin ittihadi, ɗalibai suka ƙi ji. A daren nan 'yan sanda suka afka wa taron da ake yi a ɗakunan kwanan ɗalibai na Baraks, suka buɗe wuta, aka kashe Ahmad al-Ƙurashi. Jana'izarsa ta zama zanga-zanga, alƙalai da lauyoyi da likitoci da malamai suka shigo, aka shiga yajin aikin gama-gari, cikin mako guda Abbud ya rushe majalisarsa ta soja. A lura da abin da aka fara faɗa a kai: izinin taro. Wa ke da ikon cewa ɗalibai su taru su yi magana a cikin makarantarsu? Wannan tambaya ce har yau ba a amsa ta ba.

To, ina maganar gyara ta shigo? Ta farko kuma mafi daɗewa ita ce yadda ake ƙirga ƙuri'a. Hanya biyu ce aka shafe shekaru ana ja a kansu, kuma duk tsohon ɗalibin Sudan ya san sunansu da Larabci kamar yadda ya san sunan unguwarsu: tamsil nisbi da hurr mubashir. A tsarin farko, kowace ƙungiya na fitar da jerin 'yan takararta, a raba kujeru arba'in gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu. A tsari na biyu, ɗalibi na zaɓen mutum arba'in da sunayensu, waɗanda suka fi yawan ƙuri'a su hau. A takarda na biyun ya fi kama da 'yanci, tunda mutum kake zaɓa. Amma a aikace kowace ƙungiya takarda take buga wa magoya bayanta mai suna arba'in, su shiga su kwafe ta daga sama har ƙasa, saboda haka jerin da ya ɗara sauran, ko da da ƙuri'a kaɗan ne, shi ke kwashe kujerun duka.

Bari in yi misali da lissafi na ƙirƙira don a gane. A ce ɗalibai dubu suka yi zaɓe, jeri uku suka tsaya. Na farko ya samu 400, na biyu 350, na uku 250. A tsarin rabo gwargwado, na farko zai tashi da kujera 16, na biyu 14, na uku 10, dole su zauna su yi ciniki kafin a kafa kwamiti. A tsarin kai-tsaye kuwa na farko ne zai ɗauke arba'in ɗin cif, mutum 600 su tashi ba su da ko kujera ɗaya, alhali su ne mafi rinjaye.

Jami'ar Hartum ta ɗanɗana duka biyun. A shekarun 1960, har da lokacin juyin Oktoba, tsarin rabo ne ke aiki, 'yan gurguzu da 'yan uwa Musulmi da sauran ƙungiyoyi suna zaune a majalisa guda. A shekarun 1970 aka koma kai-tsaye, kuma masu ra'ayin Islama, waɗanda suka fi kowa tsari da horo, su suka fi cin moriyarsa. Hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a faɗe ta da adalci. Sun ce majalisar da aka raba tsakanin abokan gaba ba ta iya yanke shawara, kullum sai gardama da ficewa, kuma ittihadin da zai fuskanci gwamnatin soja yana buƙatar murya ɗaya. Suna nuni da boren Sha'aban na 1973, lokacin da ittihadi ƙarƙashin Ahmad Usman Makki ya girgiza gwamnatin soja ta Ja'afar Numairi. Sai dai bayan sulhun ƙasa na 1977, da jam'iyyarsu ta shiga gwamnatin Numairi, wannan murya ɗaya ta koma kare gwamnati, kuma ba wani a cikin majalisa da zai ce a'a. Daga nan abokan hamayya suka koyi dabarar da ta zama al'ada: su dunƙule a jeri guda su ma su kwashe duka. Ta haka ne boren Afrilu 1985 ya tarar da Umar Diƙair na ɗalibai masu zaman kansu a shugabancin ittihadi. Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Umdurman ne suka fara fita a ƙarshen Maris, ranar 6 ga Afrilu Numairi ya faɗi.

Ni dai ra'ayina a nan a fili yake, ina tare da rabo gwargwado. Tsarin da mai nasara ke kwashe komai yana mayar da zaɓen ɗalibai tamkar yaƙin mutuwa ko rayuwa. Wanda ya san in ya faɗi da ƙuri'a goma zai rasa ofis, da kuɗi, da lasifika, da bakin magana a gaban hukuma na shekara guda, ba zai zo rumfar zaɓe da hannu biyu kawai ba. Kuma hukumar da ke son wani ɓangare ba ta buƙatar babban maguɗi, ƙuri'a kaɗan ta isa.

Wannan ya kawo mu kan abin da 'yan ittihadi ba sa son a ambata, wato jinin da ɗalibai suka zubar da hannunsu. A 1968, a Jami'ar Hartum, ɗalibai masu ra'ayin Islama suka tarwatsa wani bikin al'adu saboda rawar Ajako da maza da mata ke yi tare, aka yi ta jifa da kujeru, ɗalibi ɗaya ya rasu. Daga baya sandar ƙarfe, wadda ake ce wa sikh, ta zama kamar kayan karatu. Rukunin muhawara, wato da'irar da ɗalibai ke yi a fili mai magana ya tsaya a tsakiya kowa ya yi masa tambaya, yana daga cikin kyawawan abubuwan da jami'ar Sudan ta haifar, tare da jaridun bango da ake rubutawa da hannu a rataye a dandalin Nashaɗ. Na ga yaran ƙauye da suka shigo ba sa iya haɗa ido da malami sun koyi tsayawa gaban mutum ɗari uku su kare hujja. Amma na kuma ga rukuni ya watse cikin minti biyu, kowa na gudu, ana zaro ƙarfe daga cikin jaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da aka fasa kan wani, amidi ya samu dalilin da ba mai iya musawa na dakatar da komai.

Ba ina daidaita laifin ba ne. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 da ya kawo Bashir, ɓangare guda ne, wato masu ra'ayin Islama, ke da gwamnati, da jami'an tsaro, da ofisoshin da ake kira rundunonin jihadi a cikin harabar makaranta, waɗanda mudir kansa ba ya iya sa a buɗe masa su. A Disamba 1989 aka kashe Bashir Ɗayyib, sannan Attaya Abu Aƙila da Salim Abubakar suka bi a zanga-zangar da ta biyo baya. Wanda ke da sanda da wanda ke da sanda da bindiga da kurkuku ba ɗaya ba ne.

Amma babban bugun da aka yi wa ittihadi ba da bindiga aka yi shi ba. Da tukunya da katifa aka yi shi. Kafin 1990 ɗalibin Jami'ar Hartum yana da wurin kwana da abinci kyauta daga jami'a. Ɗan manomi daga Mai Wurno ko Niyala da ɗan babban ɗan kasuwa daga Umdurman ɗaki ɗaya suke kwana, layi ɗaya suke bi a ɗakin cin abinci. Ittihadi a wannan gida ya girma. Idan an kira taro da dare, dubban mutane suna nan a tafiyar minti biyar. Kuma akwai abin da ittihadi ke yi wa kowa, har wanda bai damu da siyasa ba, domin shi ke zama da hukuma kan abinci, da ɗakuna, da jadawalin jarrabawa.

Sai gwamnatin Bashir ta zo da abin da ta kira juyin ilimi mai zurfi a 1990, ƙarƙashin minista Ibrahim Ahmad Umar. Aka mayar da harshen koyarwa Larabci, aka ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, jami'o'in gwamnati da a da ake ƙirgawa da yatsun hannu suka haura 20 a cikin 'yan shekaru. Gaskiya ce a faɗa, wannan faɗaɗawa ta buɗe wa 'ya'yan jihohi ƙofa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Sinnar da Damazin da Kasala da Gadarif ta nan suka shiga jami'a. Amma a tare da ita aka soke kwana da ci kyauta, aka ɗauke ɗakunan kwana daga hannun jami'o'i aka miƙa wa wata hukuma ta ƙasa, Asusun Kula da Ɗalibai, wanda kowa ke kira sunduƙ. Daga ranar, gadon da ɗalibi ke kwana a kai ya fita daga abin da ittihadi zai tattauna da mudir. In ka je wa mudir da kuka ya ce ba hurumina ba ne, in ka je sunduƙ su ce ba su san ittihadinka ba. Kuma ɗan talakan da ya san gadonsa da ɗan tallafinsa suna hannun mutanen da ke lura da wa ya tsaya a wane rukuni, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu. A Agusta 1998 aka kashe Muhammad Abdussalam, ɗalibin shari'a, bayan zanga-zangar da ta tashi kan al'amarin ɗakunan kwana.

Idan ɗan ƙanwata bai ɗauki komai daga rubutun nan ba, ina so ya ɗauki wannan. Masu kiran gyara sukan ƙare ƙarfinsu kan tsarin mulkin ittihadi, sashe kaza da sakin layi kaza, alhali abin da ya raunana shi yana wajen takardar.

Makami na biyu ya fi wannan laushi, shi ne jinkiri. Hukuma ba ta cika fitowa ta ce ta haramta ittihadi ba. Wa'adin majalisa shekara guda ne, in ya ƙare sai a yi shiru. A jami'ar da na yi, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun yi shekara uku muna hawa matakalar ofishin amidi da takardar neman a sa ranar zaɓe. Karɓa yake da fara'a, ya sa a kawo mana shayi, ya ce, "'Ya'yana, ni ma ɗan ittihadi ne a zamanina, amma yanayi bai dace ba, ku bari a gama jarrabawa." In an gama jarrabawa sai hutu, in an dawo sai a ce rajistar sababbin ɗalibai ba ta kammala ba. Muka fita ba mu jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba. Ɗalibi baƙo ne na shekara huɗu ko biyar, amidi kuwa mazaunin gida ne. In ya yi haƙuri, waɗanda suka san yadda ake zaɓe za su kammala su tafi, na baya su taso ba su san abin da aka raba su da shi ba.

Jami'ar Hartum kanta ta zauna shekaru ba ittihadi daga tsakiyar shekarun 1990. Sai da aka yi arangama mai tsanani a Oktoba 2002, aka rufe makaranta, sannan aka yi zaɓe a 2003, haɗakar 'yan adawa ta ci. Bayan wasu shekaru aka sake komawa gidan jiya. Da aka tashi rikicin Afrilu 2016, lokacin da maganar ɗauke jami'ar daga tsofaffin gine-ginenta na bakin Nilu ta bazu, babu zaɓaɓɓiyar majalisa da za ta zauna da hukuma. Aka kori ɗalibai 17, wasu kwata-kwata wasu na shekara biyu, da suka je ofishin lauya Nabil Adib neman ɗaukaka ƙara jami'an tsaro suka bi su can suka kama su. Hukumar da ta hana a yi zaɓe ita ce kuma ke cewa ba ta san da wa za ta yi magana ba.

Rufe makaranta shi ne makami na uku, kuma shi ya fi raba kan ɗalibai. Sanarwa ce ta layi uku: an dakatar da karatu sai abin da hali ya yi, a bar ɗakunan kwana cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗan Hartum ya hau mota ya tafi gida cin abincin rana. Ɗan nesa kuwa sai ya nemi kuɗin mota da ba shi da su, uban da ya sayar da buhun dawa ya tura shi karatu ya ga shekara ta tafi a banza. Wanda ya sha wannan sau biyu, in ya ce a bar ittihadi ya mutu, ba na ganin wautarsa. Kuskurensa ɗaya ne, da yawa daga cikin rufe-rufen nan a shekarun da babu ittihadi aka yi su.

A jami'o'in jihohi abin ya fi muni, domin idon 'yan jarida ba ya kaiwa can. A Disamba 2012 aka tsinci gawar ɗalibai huɗu 'yan Darfur a magudanar ruwa kusa da Jami'ar Jazira a Madani, bayan an tarwatsa zaman dirshan da suke yi kan yafe kuɗin makaranta, haƙƙin da suka dogara da yarjejeniyar Abuja ta 2006 da ta Doha ta 2011 wajen nemansa. A Afrilu 2016, a Jami'ar Kurdufan da ke Ubayyid, aka harbe Abubakar Hasan yana cikin ayarin ɗalibai da za su miƙa jerin 'yan takararsu na zaɓen ittihadi. Takarda kawai za su kai. A Mayu 2017 rikicin zaɓen ittihadi a Jami'ar Bakht al-Ruda da ke Duwaim ya ci ran 'yan sanda biyu, aka kama ɗalibai aka kori wasu, har a watan Yuli ɗalibai 'yan Darfur fiye da dubu suka ajiye karatu a tare suka kama hanyar Hartum, aka tare su a ƙauyen Shaikh Yaƙut.

Mu Hausawa fa, ina muke a wannan lissafi? Inda babu ittihadi, rabiɗa ce ke cike gurbi, wato ƙananan ƙungiyoyin tsangaya ko na gari ko na ƙabila. Rabiɗa ita ke tarbar sabon ɗalibi a tasha, ta nema masa katifa, ta haɗa kuɗi in ya kwanta ciwo, ta shirya buɗa-baki da azumi. 'Ya'yanmu sun fi sakewa a nan, kuma da dalili. Kakanninmu suna ƙasar nan tun kafin yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno kansa an kafa shi ne 'yan shekaru bayan yaƙin, amma har yau ɗan Hausa na iya tsayawa a rukuni wani ya jefa masa kalmar da ke nufin shi baƙo ne. Mun ga abin da ya faru a Oktoba 2008, da wata jarida ta ruwaito Bashir yana cire Hausawa daga 'yan ƙasa, mutanenmu suka fita a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Mun ga jinin da ya zuba a jihar Nilu Shuɗi a Yuli da Oktoba 2022. Iyaye da yawa nasiharsu ga yaro mai tafiya jami'a guda ce: ka yi karatunka, ban da siyasa.

Ina girmama wannan nasiha, uwata ma ta yi mini ita. Amma rabiɗa ba ta da kujera a gaban majalisar jami'a, kuma hukuma na jin daɗin mu'amala da ita, domin ƙungiya ashirin masu neman alfarma sun fi sauƙin sarrafawa a kan ƙungiya ɗaya mai neman haƙƙi. A lokacin zaɓe kuma manyan jeri sukan zo wa rabiɗa da ciniki, su sa sunan yaronmu ɗaya a ƙasan takarda su tafi da ƙuri'unmu duka. A tsarin kai-tsaye ƙaramar jama'a ba ta da wata hanya sai ta jingina. A tsarin rabo kuwa, kujera ɗaya cikin arba'in tana buƙatar kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kawai na ƙuri'u. Ba ina kiran a kafa jerin ƙabila ba ne, wannan zai ƙara mana ware kai. Abin da nake nufi shi ne yaranmu da 'yan uwansu na gefen ƙasa, masu damuwa iri ɗaya kan kwana da kuɗin makaranta da takardar shaidar ƙasa, za su iya tsayawa da ƙafarsu su shiga majalisa ba da alfarmar kowa ba.

Bayan juyin da ya fara a Disamba 2018 ya kifar da Bashir, an yi zaton an wuce wurin. Zaman dirshan na 6 ga Afrilu 2019 a jikin katangar Jami'ar Hartum aka yi shi, Bashir ya faɗi ranar 11 ga wata. A Oktoba na shekarar gwamnatin firaminista Hamdok ta sauke shugabannin jami'o'i ta naɗa sababbi, Farfesa Fadwa Abdurrahman Ali Ɗaha ta zama mace ta farko da ta shugabanci Jami'ar Hartum. Mutanen kirki ne da yawansu, amma hanyar da aka bi aka kawo su ita ce dai tsohuwar hanya, naɗi daga sama. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, Janar Burhan, shugaban soja, ya bi ta wannan ƙofa a Maris 2022 ya rushe majalisun jami'o'i ya sauya shugabanni, Fadwa ta ajiye aiki don nuna ƙin amincewa. Mudir da alƙalami guda ke naɗawa ya sauke ba zai iya ba ɗalibai tabbacin da shi kansa ba shi da shi ba. Shi ya sa nake ganin ɗalibai da malamai suna ɓata ƙarfi in suka ɗauki juna abokan gaba, domin igiya ɗaya ce a wuyansu.

Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya zo ya shafe maganar gaba ɗaya. Ɗalibai suka maƙale kwanaki a cikin Jami'ar Hartum, harsashi ya kashe ɗaya, abokansa suka binne shi a harabar makaranta. 'Yan uwanmu na Najeriya da ke Jami'ar Afirka da sauran makarantu aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da soja a Disamba 2023, sai Janairu 2025 soja suka karɓe ta, Hartum kuma a Maris. An wawashe ɗakunan gwaje-gwaje, an ƙona littattafai, malamai sun watsu a ƙasashe.

A irin wannan hali za a ce wa ɗalibai ba lokacin ittihadi ba ne, a bari a gyara rufi a kawo wuta da ruwa. Maganar tana da kama da hankali, kuma wannan karon yanayin da gaske bai dace ba. Amma yanzu ne ake yanke shawarar da za ta bi ɗalibi shekaru: nawa ne kuɗin makaranta, ina cibiyar jarrabawa, me za a yi da wanda ya rasa shekara biyu, wa zai samu gado a ɗakunan da suka tsira, yaya za a yi da wanda takardunsa suka ƙone. Da na sake kiran ɗan ƙanwata, na ce ya kai wa 'yan zaurensu abin da nake ganin ya fi tsarin ƙirga ƙuri'a gaggawa. A rubuta ranar zaɓe a cikin kalandar jami'a kamar yadda ake rubuta ranar jarrabawa, ta yadda ɗage ta zai buƙaci shawarar majalisar malamai a rubuce da dalili, a cire ta daga aljihun mutum ɗaya. Kwamitin zaɓe ya ƙunshi malamai da ɗalibai da wani alƙali ko lauya daga waje. Kuɗin da ake karɓa da sunan ittihadi ya shiga asusun da ake karanta lissafinsa a gaban ɗalibai, domin shugabannin ɗalibai ma an sha zarginsu da cin amana. Ɗalibin da za a kora ya ji tuhumarsa, ya kare kansa da wakili a gefensa. Su kuma ɗalibai su yarda tun kafin a tambaye su cewa duk jerin da aka kama ɗansa da ƙarfe ko makami ya fita daga takara a wannan shekara, kowane ne, musamman yanzu da bindiga ta cika gari kuma wasu abokan karatunsu daga fagen daga za su dawo aji.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to wa zai kai wa amidi wannan takarda, tunda ba mu da ittihadi?" Na ce su fara da rabiɗun tsangayoyi, kowace ta zaɓi mutum biyu a fili, su je tare, su kuma nemi malamai biyu ko uku su raka su. Ya ce ajinsu yanzu kashi uku ne, wasu na Gadarif, wasu na Alƙahira, wasu ba a ji ɗuriyarsu ba tun faɗuwar Madani, amma zai fara da tattara sunayen waɗanda ake da lambarsu.